Hazon Yamai da Wankin Ɗanyen Hoto

Ranar Litinin 4 ga watan Mayu na shekarar 2020, ana cikin azumin Ramalana, wani bangon ƙura ya taso ya rufe birnin Yamai da rana, har sararin sama ya rikiɗe ya yi ja kamar garwashi. Kafin gari ya waye hotunan wannan rana sun zagaya duniya. Wanda ya jera su ya duba da natsuwa zai ga abin lura: gari ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma jan ya kasu kashi-kashi. A wani hoton ja ne wur, a wani ruwan goro ne, a wani kuma ya dusashe har ya kusa komawa ruwan ƙasa. Wani ɓangare na bambancin daga unguwa ne da kuma mintin da aka ɗauki hoton, babu shakka. Sauran kuwa daga cikin na'urorin ya fito, domin kowace kyamara da kowace wayar hannu an gina ta a kan zaton cewa hasken duniya fari ne, saboda haka idan ta ga ja ya mamaye ko'ina sai ta ɗauka kuskure ne, ta shiga gyarawa gwargwadon abin da aka koya mata. A ranar, ashe, na'urori da yawa sun yi gardama da idanun masu su, kuma a hotuna da yawa na'urar ce ta yi rinjaye.

Wannan gardama ita ce tushen batun ɗanyen hoto. Idan aka danna kyamarar zamani, abin da farantinta na karɓar haske ya adana bai zama hoto ba tukuna. Lissafi ne na yawan hasken da ya faɗa a kan kowane ɗigo, kuma kowane ɗigo launi guda kawai yake gani: rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka yi masa rajista a 1976. Dole sai wata manhaja ta cike launuka biyun da kowane ɗigo ya rasa, ta yanke hukuncin abin da za a kira fari, sannan ta raba haske tsakanin duhu da sarari. Idan aka bar wa kyamara wannan aiki, takan gama shi cikin ƙiftawar ido ta ba da hoton JPEG, mai matakai 256 kacal a kowane launi, ta zubar da sauran. Idan kuwa aka ajiye ɗanyen, yana ɗauke da matakai 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar, kuma hukuncin yana nan yana jiran mai hoto. Tsofaffin masu sana'a a ƙasar Hausa “wankin hoto” suke ce wa aikin ɗakin duhu, kuma babu dalilin neman wani sunan, tun da aikin bai sauya ba sai dai kwanonin ruwan magani da suka koma kwamfuta.

Yamai ta san wannan aiki tun da daɗewa. Philippe Koudjina, wanda aka haifa a 1940 ya rasu a 2014, ya shafe shekarun 1960 da na 1970 yana bin gidajen rawa da wuraren shaƙatawa na birnin da kyamararsa, yana ɗaukar samari da ƴan mata na farkon ƴancin kai a hoton baƙi da fari. Mai hoto na wancan zamani shi ke ɗauka, shi ke wankewa, shi ke bugawa. Ya san fuskar da ya ɗauka da dare, ya kuma san gobe mai fuskar zai zo ya karɓi hotonsa, ya biya ko ya ƙi biya. Wannan shi ya sa fata a waɗancan hotuna take da rai: akwai sheƙin goshi, akwai taushin kumatu, akwai bambanci tsakanin baƙin gashi da baƙin wuya. Da injinan wankin hoto mai launi suka shigo garuruwan Afirka ta Yamma a shekarun 1980, sai hukuncin ya fita daga hannun mai hoto ya koma hannun inji, sana'ar irin su Koudjina kuma ta durƙushe. Sai a 2006 wasu ƴan ƙasar Holan suka yi fim a kansa mai suna Photo Souvenir. A maƙwabciya Mali ma an ga wani fannin wannan al'amari: hotunan Seydou Keïta da ya miƙa wa mutanen Bamako ƙanana ne, manyan da duniya ta san shi da su kuwa wasu hannaye ne suka buga su a ƙetare daga shekarun 1990, bayan rasuwarsa a 2001 kuma aka yi ta shari'a a kan nagatif ɗinsa. Wanda nagatif ke hannunsa shi ke cewa ga yadda baƙi zai yi baƙi.

Ɗanyen hoto ya mayar wa mai hoto ɗakin duhunsa bayan shekaru ashirin da ƙwace shi. Abin takaicin shi ne yadda ake mayar da wannan kyauta ba tare da an buɗe ta ba. Mai hoto zai ɗauki ɗanye, ya buɗe shi a manhaja, ya karɓi abin da ta nuna masa a karon farko a matsayin gaskiyar hoton, ya ɗan ƙara gishiri, ya fitar. Alhali wannan nunin farko ra'ayi ne na wasu injiniyoyi a Kalifoniya ko Tokyo ko Kopenhagen, waɗanda suka auna shi da hasken ƙasarsu da fuskokin da suka saba gani.

Ba zargi ba ne wannan, tarihi ne rubutacce. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yakan raba wa ɗakunan wanki wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, domin a daidaita injina da fatarta. Mai bincike Lorna Roth, a wani nazari da ta wallafa a 2009, ta nuna cewa daga cikin abin da ya tura kamfanin inganta launin ruwan ƙasa a fim ɗinsa har da ƙorafin masu sayar da kayan katako da masu cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla. Katako da cakulan sun samu mai sauraronsu kafin baƙar fata ta samu. Zamanin kwamfuta ya gaji wannan ma'auni, sai a baya-bayan nan aka fara gyara: kamfanin da ke yin wayoyin Tecno da Itel ya ci kasuwar Afirka da kyamarar da aka daidaita da baƙar fata, Google kuma ya fito da tsarinsa na Real Tone a 2021.

Sai dai ya kamata a fahimci inda matsalar take a cikin wankin, domin a nan ne mai hoto yake da abin yi. Kusan kowace manhaja tana ɗora wa ɗanyen hoto wani layi mai lanƙwasa, wanda za a iya kira bakan haske: yana ƙara wa duhu duhu, yana ƙara wa sarari sarari, yana buɗe tsakiya domin hoto ya yi kaifi. Fatar Bature tana faɗowa ne sama da tsakiya kaɗan, wurin da bakan ya fi buɗewa, saboda haka takan fito da dukan sassanta. Baƙar fata kuwa tana faɗowa a tsakiya ko ƙasa da tsakiya, inda bakan ya fara matsewa. Nan ne ake haɗa matakai goma a mayar da su uku. Hausa tana da baƙi, tana da wankan tarwaɗa, tana da ja, tana da fari, kuma kowace uwa ta san a wane aji ɗanta yake; bakan da ba a taɓa ba yakan tura baƙi da wankan tarwaɗa cikin tukunya ɗaya.

A ƙara da tufafi. A ɗauki misalin ango da abokansa a ƙofar gida bayan ɗaurin aure, ko jama'a a filin Idi, rana ta take, kowa sanye da farar shadda mai sheƙi. Tsakanin farin rigar da fuskar da ke ƙarƙashin inuwar hula akwai tazarar haske mai faɗin gaske, wadda hoton JPEG ba ya iya ɗauka gaba ɗaya. Ko dai rigar ta ƙone ta zama farin fili babu aiki babu zare, ko fuskar ta nutse. Ɗanyen hoto yana iya riƙe duka biyun idan an auna haske da rigar tun wurin ɗauka, amma fito da fuskar daga baya shi ne gwajin gwani. Mai gaggawa zai ja maɓallin inuwa har ƙarshe, fuska ta fito, amma ta fito toka-toka kamar ta wanda ya kwana a hanya cikin hunturu bai shafa mai ba, ga kuma tsaba-tsabar da ke fitowa a duhun da aka tilasta. Mai haƙuri zai sassauta ƙasan bakan da hannunsa, ya ɗaga wurin da fatar take kawai, ya bar ƙwayar ido da gashi da ƙasan haɓa su riƙe baƙinsu, ya kuma ƙyale sheƙin goshi da na karan hanci. Wannan sheƙi da wasu ke gogewa da sunan gyara shi ne ke ba baƙar fuska siffarta. Duk wanda ya kalli hotunan ƴan kokowa a fagen Takobin Ƙasa ya san haka: idan aka kashe ƙyallin gumi a kafaɗa, ƙarfin ya tafi tare da shi.

Akwai wani tarko kuma wanda ya keɓanta da gari irin Yamai. Manhajojin wanki sukan raba launuka gida-gida, kowane gida da maɓallinsa. Fatar ɗan Adam, baƙa ko fara, tana zaune ne a gidan ruwan lemo. A Paris ko Landan wannan gida kusan na fata ne ita kaɗai, mai hoto zai taɓa shi sauran hoton bai motsa ba. A Yamai kuwa jar ƙasar titi tana nan a gidan, katangar laka tana nan, yashin bakin kogi yana nan, ƙurar da ke cikin iska tana nan, har ruwan kogin ma idan damina ta rine shi. Wanda ya ja wannan maɓalli guda ya motsa garin baki ɗaya. Shi ya sa ake ganin hotunan biki da amarya ta yi haske fiye da yadda danginta suka san ta, katangar bayanta kuma ta koɗe ta koma launin garin rogo. Katangar ce ke tona asiri. Adalci ne a ce mai hoto ba shi kaɗai ke da laifi ba, domin sau da yawa mai biya ce ke cewa a ɗan haska ta, kuma mai sana'a da cikinsa yake aiki. Amma man shafawar da likitocin fata ke ta gargaɗi a kansa ya samu ɗan'uwa a kwamfuta, wanda ba ya ƙona fata, sai dai jikokin amarya za su gaji kundin hotunan wata mata da ba a taɓa yi ba.

Sai hazo. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta rataya ta bisa birnin. A irin wannan safiya wanda ya tsaya a bakin gadar Kennedy zai ga Harobanda tana narkewa a hankali, jiragen masunta suna shawagi kamar ba a kan ruwa suke ba, rana kuma ta zama farin faifai da ake iya kallo. Wannan haske ne mai laushi, marar inuwa mai kaifi, kuma babu wanda ya fi shi dacewa da baƙar fuska. A 2015 kamfanin Adobe ya ƙara wa manhajarsa wani maɓalli mai suna Dehaze, wato mai korar hazo. Sunan kansa ya faɗi zaton da ke bayansa: hazo datti ne da ya shiga tsakanin kyamara da abin ɗauka. Ga mai ɗaukar tsaunukan Turai wataƙila haka ne. Ga Yamai hazo yanayi ne na kusan rabin shekara, da shi ake tari, da shi jirage ke fasa sauka, da shi ake gane watan da aka ɗauki hoto. Maɓallin yana kawo nesa kusa, ya kaurara launi, ya zuba wa sama wani shuɗi da mutanen birnin ba su taɓa gani a watan Janairu ba. Hoton yakan yi kyau a talla da kalandar ma'aikatu. Sai dai zurfin wurin ya mutu, tun da hazon ne ke gaya wa ido cewa wancan itace ya fi wannan nisa.

Kishiyar wannan cuta daga waje ta zo, kuma ta samu masu koyi a gida. Finafinan Amurka sun daɗe suna rina ƙasashen zafi da ruwan ɗorawa, tun daga Meziko a fim ɗin Traffic na shekarar 2000 har zuwa birnin Dhaka a Extraction na 2020, wanda ya jawo suka mai yawa. Launin yana cewa nan akwai zafi, akwai ƙazanta, akwai hatsari. Ana samun wannan rini a cikin shiryayyun salo da ake saye ko kwafa daga intanet, a danna sau ɗaya a shafa wa hoto ɗari. Da shi watan Agusta a Yamai, lokacin da gonakin bakin kogi suka yi kore shar kuma iska ta wanku, yakan koma kamar tsakiyar bazara. Mai korar hazo ya hana garin hunturunsa, mai rini ya hana shi daminarsa.

To da me za a auna fari? A manhaja akwai maɓallin zafin haske bisa ma'aunin Kelvin, inda hasken rana yake wajen 5,500, fitilar ƙwai ta da kuma wajen 3,000. Idan aka bar shi ya zaɓi kansa zai yi abin da ya yi ranar jar ƙura. Idan aka kafe shi a kan hasken rana, ja ya fito ja, hazo ya fito da ɗan ruwan tokarsa, magariba ta fito da zinariyarta. Daga nan ido ne zai yi sauran, kuma Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sharaɗin kawai shi ne idon ya kasance ya ga wurin, allon kwamfutar kuma ya kasance an daidaita shi, ba wanda aka ƙure wa haske a shago mai buɗaɗɗiyar ƙofa ba.

Ga hoton jarida al'amarin ya wuce na kyau ko muni. Hoton da ya ci babbar kyautar World Press Photo ta shekarar 2005 a Nijar aka ɗauke shi, a wata cibiyar ciyar da yara a Tawa lokacin yunwar wannan shekara: Finbarr O'Reilly na kamfanin Reuters ya ɗauki yatsun yaro a kan leɓen mahaifiyarsa. Irin waɗannan hotuna su ne fuskar ƙasar a idon wanda bai taɓa zuwa ba, kuma ƙarin duhu kaɗan ko rage launi kaɗan yana iya mayar da talauci ya zama wasan kwaikwayo. A 2015 masu wannan gasa suka kori kimanin kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe, bayan sun gwada su da ɗanyensu. A shekarar ce Reuters ya umarci masu ɗaukar hoto masu zaman kansu da ke yi masa aiki su riƙa aiko da JPEG ɗin da kyamara ta fitar. Wannan ya toshe hannun mai ƙari, amma ya miƙa hukuncin ga injiniyan da aka yi maganarsa a baya.

Game da zaɓen manhaja, gardamar da ake yi ta fi bambancin da ke akwai girma. Adobe Camera Raw ya fito a 2003, Lightroom a 2007, kuma shi ne ya fi yaɗuwa. Yana da saurin aiki ga mai hotunan biki dubu, amma salon da yake buɗe hoto da shi tun 2018, Adobe Color, ya fi na da kaifi da kaurin launi, abin da fata mai duhu ba ta buƙata. Kuma haya ake yi, ba saye ba, ana biya ta katin banki da kuɗin waje, abin da ke tura matasa da yawa ga kwafin sata. Capture One na ƙasar Denmak yana da kayan gyaran launin fata mafi daɗin sarrafawa, da tsadarsa. Manhajojin da masu kyamara ke bayarwa kyauta, Digital Photo Professional na Canon da NX Studio na Nikon, ana raina su saboda nauyin tafiyarsu, alhali su suka fi sanin launin kyamararsu. Ga ɗalibi kuwa, da duk mai son ya san abin da yake yi, darktable da RawTherapee sun fi cancanta: kyauta ne, ba sa neman intanet, kuma suna barin mutum ya ga hoton kafin a ɗora masa baka, ya gina nasa da hannunsa. Wahalar koyonsu gaskiya ce, sai dai wahalar ita ce karatun. Gwaji mai sauƙi ya ishi mai zaɓe: ya ɗauki hoto guda mai ɗauke da baƙar fuska da farar shadda da rawanin turkuɗi na Buzaye, ya buɗe shi a kowace manhaja. Turkuɗin zai ba shi mamaki, domin baƙin shuɗinsa mai ƙyallin jan ƙarfe yakan fito shuɗi a wannan, ruwan hoda mai duhu a waccan, baƙi ƙirin a ta uku, duk daga ɗanye ɗaya.

Saura ajiya. Kowane kamfani da irin ɗanyensa, CR3 na Canon, NEF na Nikon, ARW na Sony, kuma gyaran da aka yi a wata manhaja wata ba ta karanta shi yadda yake. Waɗanda suka zuba aikin shekaru a Aperture na kamfanin Apple sun ɗanɗana haka da aka sanar da dakatar da shi a 2014. Tsarin DNG da Adobe ya fitar a 2004 ya rage wannan haɗari, bai kawar da shi ba. A Yamai abokan gabar sun fi kusa: zafin Afrilu da ke haura 40, ƙurar da ke shiga kowace na'ura, ɗaukewar wuta, da tsadar ma'ajiya, wadda kan sa mai hoton biki ya goge ɗanyen da zarar ya miƙa aiki domin ya samu wurin bikin mako mai zuwa. Abin da ke saura shi ne kwafin da WhatsApp ya matse, da fatar da aka haska da saman da aka shuɗanta a manne a jikinsa, babu hanyar komawa baya. Nagatif ɗin Koudjina, da yake roba ne da azurfa, ya iya jiran shekaru talatin a ajiye kafin a sake buga shi a rataya a bangon baje kolin hotuna.